Ranar da Na Ƙona Mayafin Lefe

 Wani ɗan labari nake tafe da shi daga garinmu Wasagu, cikin masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Na san wata za ta taɓe baki ta ce don Allah mene ne abin ba da labari a cikin gugar kaya? Ni ma da haka na ɗauka, sai ranar da na tsinci kaina a bayan ɗakin Inna ina kuka wiwi da mayafi a hannu.

A ƙarshen shekarar 2024 ne, saura sati 5 bikina. An kawo lefe, dangi sun gani, maƙwabta sun gani, kowa ya sa albarka. A cikin kayan akwai wani mayafi ruwan hoda mara nauyi, irin shifon ɗin nan da in kin ɗaga shi kina hango hasken rana ta cikinsa, an bi bakinsa da ƙananan duwatsu masu walƙiya. Yayar wanda zan aura, wadda nake kira Anti, ita ta zaɓo shi da hannunta a Kantin Kwari da ke Kano. Kuma da bakinta ta ce wa Gwaggona, "Wannan shi nake so amaryarmu ta yafa ranar buɗar kai." To kun ji inda gizo yake saƙar.

Da na warware shi daga leda sai na ga duk layin ninki ya kwanta a jikinsa. Saura sati 5 fa, babu abin da yake kora ta, amma zumuɗi irin na amarya ya hana ni zama. Kwana da kwanaki ba a kawo wuta ba, don haka na shiga ɗakin Kaka na ɗauko dutsen gugarta na gawayi. Baƙin ƙarfe ne mai nauyin gaske, mariƙinsa na katako har ya yi santsi saboda hannu, a gaban murfinsa akwai ɗan zakara na ƙarfe wanda shi ne makullinsa. Tun ina aji 4 na firamare nake goge kayan makarantata da shi, na san shi ya san ni. Na zuba garwashi, na hura, na rufe, na kaɗa shi sama da ƙasa har ya ɗauki zafi yadda nake yi in zan goge atamfa.

Ɗora shi ɗaya na yi. Wallahi ɗaya tak! Sai na ji wani ƙauri kamar an jefa leda a murhu. Ina ɗagawa mayafin ya biyo gindin dutsen yana zare-zare kamar alewa, ga rami nan daidai surar hancin dutsen guga, bakinsa ya ƙanƙance ya yi tauri.

Inna ta leƙo ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ke ƙauri haka?" Da ta gani ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta riƙe haɓa ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kayan mutane ne fa, tun ba ki shiga gidansu ba." Da ma dukana ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ku dubi halin ɗan Adam. Maimakon in ga laifina, sai na ɗora wa dutsen Kaka. Na ce kayan ƙauye ne, kayan mutanen da, shi ya ja mini. Cikin kwanakin nan ƙawata da ke karatu a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru ta zo hutu, na ba ta labari ina share hawaye. Ta ce, "Haba ke kuwa, wa yake ɗora wa shifon ƙarfe a zamanin nan? Sitima ake sa masa." Ta buɗe wayarta ta nuna mini wata mata riƙe da wata 'yar na'ura kamar ƙaramar buta mai faffaɗan baki. An rataye riga a hanga, tana bin ta da tururi daga sama zuwa ƙasa, duk inda ta wuce sai ka ga yamutsewar ta baje kamar da sihiri. Babu gawayi, babu toka, babu durƙuso a tabarma. Nan take zuciyata ta tafi.

Da daddare na sami Inna tana lissafin kayan ɗaki. Na ce, "Inna, don Allah kar a sa mini dutsen gawayi a cikin kayana. Abin kunya ne dangin miji su gani. Sitima nake so."

Ta ce, "Siti mi?"

Na yi mata bayani. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Au, turara kaya? Ai mu ma muna turarawa, ga kabbasa can ga kasko." Na ce ba irin wannan ba ne. Ta ce, "To ɗiyata, in babu wuta fa?" Na ce ai za a kawo. Ba ta ƙara cewa komai ba. Washegari ta kwance bakin zanenta ta ba ni kuɗi daga cikin adashin da ta ɗauka, kuɗin da na san na turmin atamfar da za ta ɗaura ranar bikin ne.

Ranar da muka tafi Zuru da Yayana sammako muka yi, muka bi ta Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumarmu ta Danko-Wasagu. Duk wanda ya san halin rashin tsaro da yankinmu ya shiga a shekarun nan ya san ba a wasa da hanya, ana fita da addu'a, kuma kowa yana so ya dawo gida da sauran rana. Saboda haka a gurguje muka yi sayayyar. A wani shago na ga sababbi a kwali, kuɗinsu ya fi ƙarfina. A wani kuma na ga irin na hannu da ake ce wa Beljiyam, fara sol, kyakkyawa, rabin kuɗin sabuwa. Mai shagon ya ce ai daga Amurka ta zo, ta fi sababbin ƙarko. Na ji an ce Amurka, sai kaina ya fashe. Yayana ya ce a gwada, aka ce babu wuta. Ya dube ni, na ce mu dai tafi Yaya, rana tana yi. Ya sayo ɗan abin da ake jona wa bakin wayarta don ya shiga soket ɗinmu, tunda nata baki siraran ƙarafa ne masu faɗi.

Kwana 3 ina jiran wuta. Daren da aka kawo, ina jin ihun yara na diro daga gado, na cika ta da ruwa, na jona. Ta fara huci da ƙarfi har na fara murna. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji "tas", sai ƙaurin roba, sai shiru. Shi ke nan, kuɗin atamfar Inna ya bi iska.

Wani abokin Yayana mai gyaran rediyo da fanka shi ya juya gindinta ya nuna mana ɗan rubutun da ke jiki. Ya ce, "Ƙanwata, kin ga nan? 120 aka rubuta. Wutar gidajen Amurka ke nan. Tamu a Nijeriya 230 ce, kusan ninki biyu. Abin da kuka jona mata baki kawai ya sauya, bai rage ƙarfin wutar ba. Kamar ki ɗura wa jariri tuwon dawa ne." Na ce a mayar wa mai shagon mana. Yayana ya ce, "Mu sake bin hanyar nan saboda abin da ba a ba mu ko rasit ba?" Na yi tsit.

Wannan bawan Allah shi ya zaunar da ni ya karantar da ni abin da ya kamata in sani tun kafin in taka mota, ni ma ga shi ina miƙa muku. Kafin ki dubi launi ko kyan kwali, juya ta ki karanta gindinta. In kin ga an rubuta 220 zuwa 240, ta ƙasarmu ce. In 110 ko 120 kika gani, ajiye musu abarsu ko kyauta aka ba ki. Sannan ki nemi mai baki uku irin na soket ɗinmu, don waɗannan 'yan abubuwan jonawa na araha zafi suke ɗauka har su narke.

Sai lamba ta biyu, wadda ake bin ta da harafin W, wato yawan wutar da take ci. Yawancin sitimar hannu daga wat 1000 ne zuwa 1500, wasu ma sun haura. A nan ne na ƙara jin jikina ya yi sanyi, don na riga na sa a raina cewa in babu wuta sai in tada ɗan janareton Baba. Ashe ƙaramin injin nan da ake gani a shagunan caji da na aski ko wat 1000 ba ya kaiwa. Ƙwan fitila da fanka da talabijin yake iyawa. Kina jona masa abin da ke dafa ruwa zai shaƙe ya mutu, in ma bai lalace ba. Haka 'yar solar gida wadda ake cajin waya da ita. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ba kowane maigida ne zai tada babban inji don a goge mayafi ba. Gaskiyar magana dai, sitima 'yar gidan wuta ce. In garinku wuta baƙuwa ce, ita ma baƙuwa za ta zama a ɗakinki.

Da na ji haka har na fasa. Yayana ne, Allah Ya saka masa da alheri, ya ga yadda na rame ya ce zai cika mini daga kuɗin wakensa da ya sayar, amma da sharaɗi: wannan karon shi zai zaɓa, kuma ba zai biya ba sai an jona ta a gabansa ya ga tururi da idonsa. Haka aka yi. Ya kawo mini wata shuɗiya, ba ta kai ta farko kyau ba, mai wat 1200, tankinta mililita 200, wato bai kai rabin ledar fiyo wata ba. Ya ce ya ga mai babban tanki amma ya bari, don da ya cika ta da ruwa ya riƙe a sama sai ya ji hannunsa ya fara sagewa, bare nawa. Ya kuma duba igiyarta doguwa ce, tunda a ɗakunanmu soket ɗaya ne, shi ma a can bayan gado.

Yanzu bari in faɗi alherinta, don ba zan ci amanarta ba. Cikin ƙasa da minti ɗaya take fara fitar da tururi, cikin tanki ɗaya kuma yana kai ni wajen minti 10, ya ishi mayafi 2 da doguwar riga. A kan shifon, da leshi mai duwatsu, da abaya, da hijabi mai santsi, da duk wani yadi mai tattara ko aiki a jiki, wallahi ba ta da na biyu. Sai daga baya na gane dalili. Yawancin mayafan nan namu da zaren roba ake saƙa su, wanda ake kira foliyesta, dangin leda ne, shi ya sa ba ya cin wuta irin ta auduga, narkewa yake yi. Duwatsun ma da gam ake manna su. Tururi zafinsa na tafasasshen ruwa ne, digiri 100, yana sassauta zaren ya saki jiki, nauyin rigar da ɗan jan da kike yi mata da hannu su miƙar da ita. Shi kuwa dutsen da aka zafafa don auduga yana kaiwa wajen digiri 200. Dutsen gawayi ba shi da maɓallin rage zafi, hankalin mai guga shi ne maɓallinsa, ni kuwa ranar nawa ya tafi yawo.

Ashe ma masu kayan sun faɗa mana, mu ne ba ma karantawa. Ku duba ɗan ƙyallen da ake ɗinkawa a wuyan riga ko gefenta, za ku ga hoton dutsen guga. In ɗigo 1 ne a cikinsa, zafi kaɗan yake so. In 2 ne, matsakaici. In 3 ne, ya yarda da zafi sosai. In kuwa an ja masa kuros, kar ki kusance shi da ƙarfe. Na koma na duba ragowar mayafina, ga ɗigo ɗaya nan yana kallona.

Abu biyu zan roƙe ku. Na farko, don girman Allah kar ku zuba humra ko turaren ruwa a cikin tankin. Na san tunanin zai zo muku, don ni ma ya zo mini. Mai ne a cikinsu, zai toshe ƙofofin tururin, ya kuma tofa miki tabo a farin kaya. In ƙamshi kike so, gama da ita tukuna ki kifa kayan a kabbasa. Na biyu, ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna barin farin abu kamar kanwa, irin wanda kuke gani a gindin butar shayi. Shi ne ajalin sitima. Da damina ruwan sama nake tara in tace, da rani kuma in tafasa ruwa in bar shi ya huce ya kwanta. In na gama sai in juye ragowar, ba na barin ta ta kwana da ruwa. Kar kuma ki yi gangancin turara riga tana jikinki don kina sauri, ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi ciwo.

Saura sati ɗaya biki na ga ba ni da mafita, na sa Gwaggo ta raka ni wurin Anti da mayafin a ƙunshe. Na durƙusa har ƙasa, bakina yana rawa na faɗa mata gaskiya. Ta warware shi, ta zura yatsu uku a ramin, ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, don na sha yawo kafin in samo shi. Amma da kin ɓoye kin yafa wani kin ce ɓata ya yi, da na fi jin zafi. Tashi." Tela ta kai wa, aka yanke gefen da ya ƙone aka mayar da bakin duwatsun. Ya gajarce, amma shi na yafa ranar buɗar kai, kuma ban ji wadda ta ce uffan ba.

To an yi biki an watse, amarya ta tare. Juma'ar farko Malam ya miƙo mini farar shaddarsa da aka wanke aka sa wa sitaci, ya ce, "Amarya, a taimaka mini da wannan kafin Masallaci." Allah Ya taimake ni akwai wuta. Na ce yau zan nuna masa ya auri 'yar zamani. Na rataye riga, na bi ta da tururi, na sake bi, na cika tanki na sake bi. Yamutsewar ta ragu, amma sitacin duk ya saki, shadda ta yi laƙwas kamar tsohon zanen gado. Babu ƙyalli, babu karin guga a hannu, babu a wando. Malam ya shigo ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah. Zazzaɓi take yi ne?"

'Yan uwa, shadda auduga ce mai kauri, ba lallashi take so ba, danniya take so. Ko Getzner ɗin nan ta ƙasar Ostiriya da maza suke ji da ita, in ta sha wanki sai an danne ta kafin ta dawo hayyacinta. Shi ya sa a Kano, wajen marinar Ƙofar Mata, za ki ga masu bugu sun shimfiɗa yadi a kan gungume suna dukansa da mabugi har ya ɗauki sheƙi. Haka atamfa, haka kayan makaranta masu son kari. Zafi da danshi da nauyi, sai ukun nan sun haɗu, sitima kuwa biyu kawai gare ta. Ko can Amurka ba ta kori dutsen guga ba. Tun 1882 wani Henry Seely ya yi rajistar dutsen guga na lantarki a birnin New York, kamfanin Jiffy kuma da ya yi suna a kan sitima ya fara ne a 1940 da na'urar turara huluna, kuma har yau kowanne da aikinsa.

Akwai ma wani dalilin da wata ma'aikaciyar jinya 'yar uwar Malam ta ƙara mini, wanda ya fi ado muhimmanci. Akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a ƙasa mai dauɗa ko a jikin kaya masu danshi, musamman waɗanda aka shanya a ƙasa ko a inuwa. In an sa kayan, tsutsar sai ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru, kuma yara ƙanana sun fi shan wahalarsa. Ta ce maganinsa a shanya a igiya cikin rana, sannan a danne kayan da dutse mai zafi ciki da waje, har bakin ɗinki. Ta ce, "In Allah Ya kawo rabo, kayan jariri kar ki tsaya shafa musu tururi sama-sama."

Mu koma ranar Juma'ar nan. Ƙarfe 12 ta wuce, ina tsaye da shadda laƙwas a hannu, sai wutar ma ta ɗauke. Na ce bari in aika yaro maƙwabta aron dutse, amarya da kwana 6 a gida, kunya kamar in nutse. Na shiga ɗaki neman mayafi, sai idona ya sauka a kan wani sabon bokiti a cikin jerena wanda ban taɓa buɗewa ba. Na ja shi na ji nauyi. Na ɗaga murfin, sai ga tsohon zanen Inna a dunƙule, a cikinsa ɗan zakaran nan na ƙarfe ya leƙo kai. An wanke shi, an goge gindinsa da toka har yana ɗaukar ido, ga ƙullin gawayi a leda a gefe.

Na hura wuta ina dariya ina hawaye, Malam yana tambayata ko hayaƙi ne. Na yayyafa wa shadda ruwa, na fara gwada zafin a kan tsumma, sannan na danna. Kafin ladan ya yi kiran farko riga ta miƙe, kari ya fito kamar bakin wuƙa.

Da yamma na kira Inna a wayar Yayana. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, na ga saƙo a bokiti."

Ta ce, "Wane saƙo? Ni ban san zancen ba. Kakarki dai tana ta cigiyar dutsenta, ta ce in kin gama jin kunyarsa ki aiko mata da abinta."

Na ce, "A ce mata ta yi haƙuri, ya yi aure."

Sitimar tana nan a kan durowa cikin kwalinta, duk daren da aka kawo wuta nakan tashi in turara mayafai 3 ko 4 in rataye su jiran biki ko suna. Atamfar Inna kuwa sai da ƙaramar Sallar 2025 na samu na biya ta, da kuɗin ɗinkin hula da na tara. Ta karɓa ta juya ta, ta ce launin bai yi mata ba, amma ita ta ɗaura zuwa Idi.